Renon Dabinon Kwalba a Lambu: Daga Ƙasar Zafi Zuwa Ta Sanyi

Dabinon kwalba ba ya 'ya'yan ci, inuwarsa ba ta isa mutum biyu su zauna ba, ga shi da nawar girma. Kyansa kaɗai ke sa a dasa shi. Gangar jikinsa gajeriya ce mai tumbi, ruwan toka, da zane zobe-zobe a inda tsofaffin ganye suka faɗi. Daga saman tumbin sai ta tsuke ta zama wani koren wuya mai sulɓi, a kan wuyan kuma ganye huɗu zuwa shida, da wuya su kai takwas, kowanne ya miƙe sama sannan ya rankwafo. Masana tsirrai suna kiransa Hyophorbe lagenicaulis. Ko ya tsufa, gangar ba kasafai take wuce mita 3 zuwa 4 ba, faɗinta kuwa a wurin tumbin yakan kai santimita 60.

Asalinsa wani ɗan tsibiri ne mai suna Round, kimanin kilomita 22 arewa da Mauritius a Tekun Indiya. Dutsen aman wuta ne mai gangara, ƙasar da ke kansa ba ta da zurfi, iskar teku mai gishiri na kaɗawa dare da rana, ruwan sama kuma in ya sauka ba ya kwana. A ƙarni na 19 aka saki awaki da zomaye a tsibirin, suka bi duk wani ɗan tsiro suka cinye, har manyan da suka rage suka koma 'yan ƙalilan. Sai a 1979 aka gama kawar da awakin, zomayen kuma a 1986, sannan ƙanana suka samu sararin tashi. Har yau hukumar IUCN, mai kula da kare halittu a duniya, tana lissafa shi cikin tsirran da ke gab da ƙarewa a dawa, alhali a lambuna da harabar otal-otal na ƙasashen zafi yana nan birjik. Wani ɗan uwansa ma, Hyophorbe amaricaulis, guda ɗaya tak ya rage a duniya, yana tsaye a lambun tsirrai na garin Curepipe a Mauritius.

Wanda ya riƙe hoton wannan tsibiri a ransa ya san rabin aikin: zafi, rana, ƙasar da ba ta riƙe ruwa, ba sanyi. Sauran rabin yana jikin bishiyar. Zuciya ɗaya gare shi, a ɓoye cikin wuyan nan, daga ita kowane sabon ganye ke fitowa, in ta mutu ba reshe ba toho, shi ke nan. Ganyensa kuma kaɗan ne. Mangwaro ya rasa ganye ɗari bai san an yi ba, amma dabinon kwalba mai ganye biyar ya rasa ɗaya, kashi ɗaya cikin biyar na abincinsa ya tafi, kuma sai an yi watanni kafin ya mayar.

Mataki na farko: duba daren da ya fi sanyi

Kafin ka sayi komai, ka binciki yadda daren da ya fi kowanne sanyi yake a wurinka, ba a shekarar nan kaɗai ba, a shekarun baya ma. Zafin rana ba shi ne ke yanke hukunci ba. In ma'auni ya sauka zuwa digiri 0 na Salshiyas ya daɗe a can 'yan sa'o'i, ganyen zai ƙone, bishiyar ma tana iya mutuwa. Tun kafin a kai can, darare masu yawa a ƙasa da digiri 10 sukan tsayar da girmansa, su sa ganyen ya yi ɗige-ɗige. A taswirar yanayi ta ma'aikatar noman Amurka, wadda masu sayar da tsirrai a ƙasashe da dama ke aiki da ita, gurbinsa yanki na 10b zuwa na 11 ne.

A ƙasar da ke da zafi da laima duk shekara, musamman bakin teku, ya zo gida. Gishirin iska ba ya damunsa. Abin lura a nan shi ne kwanciyar ruwa da yadda mamakon sama ke wanke taki daga ƙasa.

A inda ake damina gajeriya da doguwar rani mai busasshiyar iska, yana yi, amma da hannun mutum. Sanyin hunturun irin waɗannan wurare, in bai sauka ƙasa da digiri 10 sosai ba, ba ya kashe shi. Busasshiyar iska da ranar la'asar su ne ke soya bakin ganyen. A hamada sosai kuwa abu biyu ke haɗuwa, zafin bazara da ya wuce digiri 45 da kuma daren hunturu da kan taɓa ƙanƙara, don haka sai an nema masa mafaka daga duka biyun.

Wurin da ya fi yaudarar mutane shi ne mai yanayi irin na Bahar Rum, da kudancin Kalifoniya da makamantansu. Mutum ya ga ba a ƙanƙara, ya ɗauka ya tsira. Amma a can ruwan sama da sanyi tare suke zuwa, saiwar ta yi watanni cikin ƙasa mai sanyi a jiƙe, ba ta aiki, sai ruɓa ta shiga. Bishiyar ba ta mutuwa dare ɗaya, ramewa take yi shekara bayan shekara. A ganina wannan ya fi wahalar sha'ani a kan wurin da ake sanyi mai tsanani na kwana biyu sannan zafi ya dawo, kamar tsakiyar Fulorida, ko da yake can ma doguwar jaurar Janairun 2010 ta yi wa dangin dabino na ƙasashen zafi mummunar ɓarna. Tsaunukan ƙasashen zafi, inda dare ke da sanyi duk shekara, su ma sai a hankali: zai rayu, girma ne ba zai yi na a zo a gani ba.

Inda dusar ƙanƙara ke sauka, kada ma ka fara tunanin rami. Tukunya ce hanyarka, bayaninta na ƙasa.

Mataki na biyu: daga ƙwallo ko daga wurin masu reno

Ba a yankan reshensa a kafa, ba ya kuma fitar da toho a gindi irin na dabinon ci. Ƙwallo ne kaɗai hanyar yaɗa shi. 'Ya'yan suna fara kore, su koma ruwan lemo, su nuna baƙi, kuma nunannu ake so, sabbin tsinka, don ƙwallon dangin dabino na ƙasashen zafi ba ya jure ajiya. Ka sa safar hannu ka murje naman da ke jiki tas, saboda na wasu danginsa yana sa ƙaiƙayi, kuma naman da aka bari yana jawo funfuna. Ka jiƙa ƙwallayen kwana biyu ko uku, kana sauya ruwan kullum.

Hanya mai sauƙi ita ce ta leda. Ka sami ɓawon kwakwa da aka niƙa, ko wani abu mai riƙe laima irinsa, ka jiƙa shi ka matse da hannu har ruwa ya daina ɗiga, ka zuba a leda mai haske, ka cusa ƙwallayen ciki, ka ɗaure, ka ajiye a wuri mai ɗumi, digiri 30 zuwa 35, ba a cikin rana tsaka ba. Duk mako ka ɗaga ledar ka duba. Ranar da ka hango wata farar saiwa mai kauri ta leƙo ta manne a jikin ledar, ka buɗe, ka ɗauko wannan ƙwallon a hankali, ka sa shi a ƙaramar tukunya mai zurfi, saman ƙwallon daidai da fuskar ƙasa. Wata uku zuwa shida yakan ɗauka, kuma ba tare suke fitowa ba, don haka kada ka zubar da sauran don biyu sun riga su. Ƙananan suna son inuwa mai haske a shekarar farko. Jan-jan da za ka gani a sandar ganyensu ba ciwo ba ne, da shi suke zuwa, yana gushewa in sun girma.

Sai dai daga ƙwallo zuwa tumbin da ake sha'awa tafiyar shekaru ce masu yawa. Mafi yawan mutane wanda ya tasa suke saye, kuma ban ga laifinsu ba. In ka je saye, ka ƙyale tumbin tukuna, ka leƙa tsakiyar kai. Sabon ganyen da bai buɗe ba, wanda ke tsaye a tsakiya, shi ake kira mashi. Ka kama shi da yatsu biyu ka ɗan ja sama kaɗan. Lafiyayye a kafe yake, kore, ba wari. In ya yi sako-sako ko gindinsa ya yi ruwan ƙasa, ka bar shi ko nawa aka rage maka. Ka juya ganye ka duba bayansa ko akwai farin ƙwaro mai kama da auduga. Ka shafa gangar, kada a sami rami ko wuri mai taushi. Sannan ka tambayi mai renon: a rana yake ko a ƙarƙashin rumfa? Amsar nan tana da amfani a mataki na gaba.

Mataki na uku: wuri, rami da dashe

A ƙasa mai laima ka ba shi rana cikakkiya. A ƙasa mai busasshiyar iska ko hamada, ka nemi inda zai sha ranar safe har zuwa hantsi ko azahar, gini ko wata doguwar bishiya ta tare masa ta yamma. A inda sanyi ne abin tsoro, ka matsar da shi kusa da bangon da ke kallon rana, wato mai fuskantar kudu ga wanda ke arewacin duniya, mai fuskantar arewa ga wanda ke kudanci, don bango yana shan zafi da rana ya sake shi da dare. Ka guji kwari, sanyi gangarowa yake yi ya taru a can. Ka bar masa kamar mita 2 daga bango saboda ganyen ya sami wurin buɗewa. Saiwarsa sirara ce, ba ta fasa gini.

Wanda aka rena a inuwa, kada ka kai shi rana kai tsaye. Ka bar shi a tukunyarsa, ka riƙa ƙara masa sa'o'in rana a hankali na tsawon makonni. In ka yi gaggawa, duk ganyen da ya zo da su za su yi fari su bushe, kuma ka san ba su da yawa.

Yanzu gwajin ƙasa, wanda mutane ke tsallakewa su yi da-na-sani. Ka haƙa rami mai zurfin santimita 40, ka cika shi da ruwa, ka bari ya shanye, ka sake cikawa. In washegari ka tarar da ruwa kwance, wannan ƙasa ba ta dace ba yadda take. Kada ka ce za ka gyara ta da zuba yashi a cikin ramin. Rami mai yashi a tsakiyar yumɓu randa ka binne, ruwan kewaye duk can zai taru. Abin yi shi ne tudu: ka tara ƙasa mai rairayi da tsakuwa, tsayin santimita 30 zuwa 40, faɗin mita 2 ko fiye, ka dasa a kai. A yanayi irin na Bahar Rum, ko ƙasar ta ci gwajin, ni tudun zan yi.

Lokacin dashe shi ne farkon lokacin zafi, in da hali a bakin damina, don saiwar dangin dabino a ƙasa mai ɗumi take gudu. Dashe a bakin hunturu, a inda hunturu ke da sanyi, asara ce.

Ramin ya ninka dunƙulen saiwar sau biyu a faɗi, amma zurfinsa kada ya wuce na dunƙulen. Nan ne wurin da ya fi muhimmanci. Ka duba gindin gangar, za ka ga inda saiwoyi ke ɓullowa daga jikinta. Wannan wurin ya zauna daidai da fuskar ƙasa, in ma an rufe shi, kada ya wuce kaurin yatsa biyu. Akwai masu binne shi da zurfi don tumbin ya zauna a ƙasa ya yi kyau, ko don kada iska ta kayar da shi. Bishiyar takan yi shiru shekara ɗaya ko biyu, sannan sabbin ganye su fara fitowa rawaya, ƙanana, mai ita yana ta zuba taki bai san saiwa ce ba ta samun iska ba.

Wajen ɗauka, ka tallabi dunƙulen saiwar ko tukunyar, kada ka rungumo wuyan, zuciyar tana ciki kuma tana iya tsagewa ba ka sani ba. Ka mayar da ƙasar da ka haƙo, kana zuba ruwa tana zama, ba tare da ka tattake ta da ƙarfi ba. Ka yi ɗan kunya zagaye da bakin ramin don ya riƙe ruwan ban-ruwa. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon itace, kaurin santimita 5 zuwa 8, amma ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da gangar. Inda gara ke da yawa, tsakuwa ta fi. In babba ne yana bukatar tokara, ka naɗe gangar da buhu, ka ɗaura guntayen katako a kai, ka kafa ƙusa a katakon. Ƙusa ba ta shiga jikin bishiyar ko kaɗan, don dangin dabino ba sa rufe rauni, ramin da ka yi yau yana nan har ƙarshen rayuwarsa, ƙofa ce ga ruɓa.

Ban-ruwa

Makonnin farko kullum, a kan dunƙulen saiwar kansa, ba a gefe ba, don har yanzu saiwar ba ta fita ta shiga sabuwar ƙasa ba. Daga nan ka riƙa ragewa har wata huɗu zuwa shida, lokacin da ya kama. Bayan haka yatsa ne ma'auni: ka tura shi cikin ƙasa, in santimita 5 na sama sun bushe ka ba shi ruwa mai yawa ya nutse, in da laima ka bari. Ganin tumbin yakan sa wasu su ɗauka bishiyar hamada ce. Yana jure ɗan fari in ya kama, amma a lokacin zafi mashayi ne, kuma wanda aka bari da ƙishi ganyensa gajeru suke fitowa. In sanyi ya shigo kuwa, ka janye hannu sosai. A gindi ake zuba ruwa, ba a cikin kai ba.

Inda ruwan rijiya ko na famfo ke da gishiri ko farar ƙasa, za ka ga farin ɓawo a fuskar ƙasa da ƙunar bakin ganye. Lokaci-lokaci ka yi masa ambaliya da gangan don gishirin ya sauka ƙasa da saiwa, in kana iya tara ruwan sama kuma, ya fi.

Taki, da yadda ake karanta ganye

Takin ciyawar fili, mai yawan naitirojin, yana cutar da dangin dabino. Yana tura su fitar da ganye alhali ba su da isasshen fotasiyam da za su ciyar da shi. Binciken Jami'ar Fulorida, wanda masanin dabino Timothy Broschat ya daɗe yana jagoranta, ya kai ga haɗin da ake rubutawa 8-2-12, wato kashi 8 cikin ɗari na naitirojin, 2 na fosfat, 12 na fotash, da ƙarin 4 na maganiziyam, mai narkewa a hankali, haɗe da manganis da ƙarfe da boron. Ana barbaɗa kimanin giram 70 zuwa 75 a kowace murabba'in mita, a duk faɗin da ganyen ya rufe, duk wata uku a lokacin girma. An tsara shi ne don ƙasa mai rairayi da ruwa ke wankewa, don haka a ƙasa mai ƙarfi ana iya ragewa. In babu shi a wurinka, ka nemi wanda fotasiyam ɗinsa ya kai naitirojin ko ya fi shi, ka haɗa da ruɓaɓɓen takin gargajiya a sama. Kada ka tara taki a jikin gangar, kada kuma ka sa wa sabon dashe sai ya nuna alamar kamawa.

Ruwa ba ya tsami banza, ganye ma ba ya rawaya banza. Tambayar farko kullum ita ce: tsohon ganye ne ko sabo?

In tsohon ne, na ƙasa, ka tsaya ta bayansa yadda rana za ta ratso shi. Ka ga ƙananan ɗigo ruwan lemo ko rawaya, haske na wucewa ta cikinsu, bakin ganyen kuma ya bushe ya murɗe? Ƙarancin fotasiyam ke nan, kuma shi ne ciwon da ya fi damun dabinon kwalba da danginsa. Bishiyar tana kwashe fotasiyam daga tsohon ganye ta kai wa sabo. In kuwa gefen ganyen ne ya yi rawaya mai faɗi, tsakiyarsa na nan kore shar, maganiziyam ne. Wanda ya riga ya ɓaci ba ya komawa kore ko ka sa taki, sabbin da za su zo su ne za su nuna maka ko gyaran ya karɓa, kuma ga bishiya mai nawa irin wannan, shekara guda ba ta yi yawa ba.

In sabon ganye ne ya fito a ƙanƙance, a cukurkuɗe, kamar an babbaka shi, manganis ne, kuma ya fi faruwa a ƙasa mai farar ƙasa ko bayan sanyi. Wannan ba a jinkiri da shi, don yana iya kaiwa ga zuciya. Sabon ganye rawaya fes daga sama har ƙasa yana nuna ƙarfe, amma sau da yawa ƙarfen yana nan a ƙasa, saiwar ce ta shaƙe saboda zurfin dashe ko yawan ruwa. Mashin da ya ƙi buɗewa, ko ganye mai lanƙwasasshen baki, alamar boron ce. Shi boron a yi hattara da shi, tsakanin maganinsa da gubarsa ba nisa.

Wuƙa

Ka ajiye ta. Dabinon kwalba da kansa yake sakin tsohon ganye in ya gama da shi, kubensa ya ɓare daga wuyan ya faɗo, ya bar sabon zobe. Ganyen da ya yi rabin rawaya yana ciyar da sauran, in ka sare shi don ya ɓata maka gani, bishiyar za ta koma kan na gaba ta fara kwasa, kai kuma ka sake sarewa, har a wayi gari ganye biyu suka rage, gangar ta tsuke a sama. Wanda ya bushe ƙurmus kaɗai ake cirewa, shi ma ba da fizga ba. Ka hana injin yankan ciyawa kusantar gindin, ka hana masu sassaƙa suna a jiki.

Ƙwari da ruɓa

A ƙasa mai laima, ruɓar zuciya ce babbar barazana, wadda wata cuta mai kama da funfuna, Phytophthora, ke haddasawa bayan doguwar jiƙa. Sai ƙwaron nan mai ƙaho da ke huda kai, wanda za ka gane aikinsa in sabon ganye ya buɗe da yanka mai kusurwa kamar an sa almakashi. Yana hayayyafa a tarin ruɓaɓɓen itace da juji, don haka kada a bar su kusa. Jan ƙwaron dabino, Rhynchophorus ferrugineus, wanda ya yi ɓarna a Gabas ta Tsakiya da ƙasashen Bahar Rum, warin sabon rauni ke kiransa, wani dalilin ke nan na ajiye wuƙa. In ka ga wani abu mai tauri kamar faifai ya tsiro a gindin gangar, funfunar da ake kira Ganoderma ce, ba ta da magani. A cire bishiyar, kada a sake dasa dangin dabino a wannan gurbin. A busasshen yanayi da cikin ɗaki kuwa, ƙananan gizo-gizon ganye ne ke addabarsa, su bar ganyen ya yi fari-fari da siririyar saƙa a baya. Wanke ganyen da ruwa mai ƙarfi, sama da ƙasa, a kai a kai, yakan wadatar.

Daren sanyi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin lokacin ka tanadi bargo ko buhunan algarara da igiya, ka riƙa bin hasashen yanayi. In an ce dare zai sauka kusa da digiri 2 ko 3, ka shayar da ƙasar tun da rana, don ƙasa mai laima ta fi riƙe ɗumi. Da yamma ka tattara ganyen sama ka ɗaure su sako-sako, ka naɗe wuyan da kyau, ka lulluɓe duka har ƙasa yadda ɗumin ƙasa zai taru a ciki. Leda kada ta taɓa ganye, in za a sa ta, a saman bargo. Ƙaramin ƙwan lantarki mai ɗumi a ciki, nesa da ƙyalle, yana ƙara wasu digiri. Da hantsi ka buɗe. Gajartarsa a nan alheri ce, mutum ɗaya da tsani ya isa.

In sanyin ya riga ya yi aikinsa, kada ka taɓa ƙonannun ganyen sai lokacin sanyi ya wuce gaba ɗaya, suna kare zuciyar, kuma duk wani kore da ya rage yana aiki. Bayan mako biyu ko uku ka gwada mashin. In ya zaro a hannunka, gindinsa ya yi laushi yana wari, ka zubar da ruwan da ya taru a gurbin, ka zuba maganin funfuna mai jan ƙarfe bisa umarnin da ke jikin kwalinsa, ka kare wurin daga ruwan sama. Zarewar mashi ba ita ce mutuwa ba, sau da yawa zuciyar tana ƙasa da inda ya ruɓe. In bai zaro ba, ka ja layi da alƙalami ya ratsa mashin da sandar ganyen da ke kusa da shi. Bayan mako guda na ɗumi, in layin ya rabu, na mashin ya hau sama, yana raye. Ka ba shi har wata shida na zafi kafin ka yanke ƙauna. Ganyen farko da zai fito nakasasshe ne, na biyu zai fi shi.

Reno a tukunya

Nawar girmansa da ƙarancin ganyensa sun sa ya fi yawancin danginsa dacewa da tukunya. Ka zaɓi mai huji da yawa a ƙasa, wadda ta ɗara dunƙulen saiwar kaɗan. Babbar tukunya ga ƙaramin dabino tana riƙe ruwan da saiwar ba za ta iya shanyewa ba. Ƙasar lambu zalla ba ta yi, tana daskarewa. Ka haɗa ƙasar tukunya da ɓawon itace da yashi mai gautsi ko tsakuwa, yadda in ka zuba ruwa zai fito ta ƙasa nan take. Kada ka bar ruwa kwance a farantin da ke ƙarƙashi. Sauyin tukunya duk shekara biyu ko uku ya isa, a farkon zafi, ba tare da an yayyage saiwar ba. Tun yana ƙarami ka ɗora tukunyar a kan katako mai taya, don tumbin nan nauyi ne da shi, ranar da za ka so shigar da shi ɗaki ba lallai ka sami mai kama maka ba.

Da zarar dare ya fara sauka ƙasa da digiri 10, ka shigar da shi. Taga mafi haske a gidan ita ce tasa, nesa da na'urar ɗumama ɗaki da kuma ƙofar da ake yawan buɗewa. A watannin nan ba taki, ruwa kuma sai ƙasar ta bushe sosai a sama. Ba zai yi girma ba, ba a kuma neman ya yi, a dai fito da shi da ganyensa. In zafi ya dawo, fitarwar ma a hankali ce, inuwa tukuna, sannan ranar safe, don ganyen da ya yi watanni a ɗaki ya manta rana.

Wanda ɗakinsa ba shi da haske sosai, gara ya nemi Howea forsteriana na tsibirin Lord Howe da ke gabashin Ostireliya, wanda ya saba da inuwa da sanyi-sanyi. Wanda kuma lambunsa ke bakin iyaka, sanyin ya ɗan fi ƙarfin dabinon kwalba kaɗan, ya gwada ɗan uwansa na tsibirin Rodrigues da ke gabashin Mauritius, Hyophorbe verschaffeltii, mai kumburi a tsakiyar ganga maimakon gindi. Ya fi shi tsayi, ya fi shi ɗan jure sanyi, renonsu kuma iri ɗaya ne.